Tabarmar Anti Murja a Kasuwar Damagaram

Tun da aka koma makaranta Zulai da Hafsa suka hana ni sakat. Da an fita tara sai ɗaya ta zauna a damana ɗaya a haguna: "To Safiya, yaya ƙasar wajen?" In ce lafiya lau. Shekaranjiya Hafsa ta gaji ta ce, "Mutum ya je har Nijar ya dawo, amma ya yi gum kamar wanda aka aika Gyallesu sayen manja!" Ku yi haƙuri. Kun san in aka zuba mini ido maganar guduwa take yi. Shi ya sa na rubuta. In kun karanta ku dawo mini da takardar, kada ta zaga aji.

Gwaggo Hajara yayar Babanmu ce. Ta yi shekara ashirin tana aikin jinya kafin ta koma koyarwa a wata makarantar koyon aikin lafiya a nan Zariya. Abin da take koyarwa shi ne yadda ma'aikacin lafiya zai buɗe wurin kansa, kemis ko ƙaramin asibiti ko gidan haihuwa, ya riƙe shi kada ya mutu cikin shekara. Abokan aikinta suna kiranta malamar tireda, amma a bayan idonta. Ba mai iya faɗa a gabanta. In ta shigo gidanmu a Tudun Wada har Baba gyara zama yake yi. Tana da ciwon gwiwa mai tsanani, ko salla a kan kujera take yi, don haka da tafiyar ta taso cikin hutu Baba ya ce in bi ta in riƙa ɗaukar mata jaka.

Tana da ƙawa a Damagaram, Madam Zainabu, wadda ke koyar da irin wannan darasi a can, kuma tana da gidan haihuwa nata na kanta. Duk shekara takan ɗauki ɗaliba ɗaya ta zauna da ita wata huɗu ta koyi yadda ake tafiyar da wurin. Gwaggo ta yi ta roƙonta a waya har ta yarda bana ta duba ɗaliban Zariya. Ɗalibai uku ne suka bi mu. Yaya Nasiru da Anti Jamila kallo suka je. Anti Murja ce mai neman gurbin. Ƙauyensu yana can gaba da Giwa, ba su da ma'aikacin lafiya ko ɗaya, ita kuwa so take ta koma ta buɗe wuri. Yayanta da ke Kaduna ya ce ya gaji da jira, in wannan bai yiwu ba ta zo ta zauna masa a shagon waya. Ita ta gaya mini da bakinta a mota, wajen Kwanar Dangora, tana ta murza bakin mayafinta.

Mun tashi daga ƙofar gidan Gwaggo a Kongo bayan sallar asuba, a cikin ƙaramar bas. Direbanmu Malam Ado, mai goro a kunci kullum. Daga Zariya zuwa Kano Anti Murja ta buɗe laftof a cinya tana bitar jawabin da za ta yi wa Madam, da Turanci, da hotuna masu launi. Sau huɗu na ji shi har na haddace farkonsa. In ta yi tuntuɓe Gwaggo ta juyo daga gaba: "Ɗaga murya! Bakinki a ɗinke yake? Daga farko!" Mun sha fura a Kazaure, muka yi azahar a Daura.

Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce doguwa mai ƙofar ƙarfe. Da muka isa Kongolam sai na ga sanda a gicciye kan ganguna biyu. Ina kallo wata akuya ta bi ta ƙarƙashi ta shiga Nijar, ba wanda ya ce mata ina za ki. Mu kuwa aka sauke mu aka ce kowa ya kawo katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. Nawa yana cikin leda, Mama ta maƙale mini shi a hijabi da fil. Yaya Nasiru ya lalube aljihun gaba, ya lalube na baya, ya zazzage jaka. Babu. Aka ce sai an yi masa a nan. Mutumin da ya cika mu da labarin yara nawa ya yi wa allura a asibiti, sai ga shi ya kau da kai yana salati tun ana goge masa hannu da auduga. Mai allurar ya dubi Gwaggo ya ce, "Hajiya, wannan ɗalibin lahiya ne?" Haka suke faɗa a can, lahiya. Gwaggo ta ce, "Da baƙin cikina, e." Anti Jamila ta yi dariya har ta ƙware.

Daga nan allunan hanya suka koma Faransanci, amma duk wanda ya buɗe baki Hausa yake yi. Amalanken shanu sun fi motoci yawa. Mun wuce Matamaye da Kance, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar gidaje, kamar an ajiye su an manta.

Muna tsaye a bakin titi muna jiran a zo a tarye mu, sai ga babur ya tsaya a gabanmu. Na ɗauka ɗan acaɓa ne. Ashe mace ce, dattijuwa, da hijabi har ƙasa da tabarau, ta kafe babur ɗin da ƙafa ɗaya. Ita ce Madam Zainabu. Na damƙe hannun Anti Jamila. In a Tudun Wada ne, da ranar nan yara sun bi ta har gida. A can ko kallonta ba a yi ba, kuma kafin mu kai masauki na ga mata biyar a kan babur, ɗaya da goyo.

A ɗakin ɗalibai mata aka sauke mu. Gadajen duk a tsakar gida suke saboda zafi, kowane da gidan sauronsa. Ruwa kuwa sai an yi tattali. Wata ɗaliba ta miƙo mini bokiti da bai kai rabi ba ta ce na wanka ne, kuma in tsaya cikin baho don a tara wanda ya zuba a ba shuka. Da magariba aka kawo kwaɗon zogale mai yawan ƙuli da wani burodi dogo kamar sanda, bayansa da tauri har ya kankare mini dasashi. Sai shayi a ɗan mitsitsin kofi. Na kurɓa na ji kamar an jiƙa maɗaci, na daure na shanye don kada a ce na raina. Ashe sau uku ake zagayowa. Na ukun ne mai daɗi, amma lokacin harshena ya riga ya mutu.

Washegari Anti Murja ta fito cikin farin unifom da ya sha guga, laftof a hammata. Madam ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, ajiye akwatin nan."

"Madam, jawabin a ciki yake."

"Na sani. Hajara ta turo mini, na karanta, ya yi kyau. Ɗauki tabarma."

Kasuwa ta kai mu. Ba aji, ba allo, ba majigi. Ta ratsa da mu ta layin 'yan barkono har gaban wani mutum da ya baza magunguna a faranti cikin rana, ja da rawaya da kore, wasu ko kwali babu. Irin waɗanda in Gwaggo ta gani a Tudun Wada take cewa makasa. Sai na ji Madam ta ce, "Malam Habu, ina kwana? Ga baƙi na kawo maka daga Zariya." Ta sa aka shimfiɗa tabarmar ɗalibai dab da farantinsa.

Gwaggo ta ce, "Zainabu, me nake gani haka?"

Madam ta ce, "Maganinsa ba shi da kyau. Na sani, shi ma ya san na sani. Amma ki zauna ki ga mutum nawa za su zo wurinsa, nawa za su zo wurin masu farin kaya. Akwai abin da ya iya wanda ba mu iya ba. Shi na kawo su koya." Ta ce wa ɗaliban ba allura, ba sayar da komai, su zauna kawai, wanda ya zo su yi magana da shi. Ita da Gwaggo suka koma inuwar wata rumfa, ta sayi gyaɗa tana ɓarewa.

Ni ba a ba ni aiki ba, sai na yi ta kallon Malam Habu. Duk macen da ta tsaya sai ya miƙe. Kujerarsa ɗaya ce, ita yake ba ta, ya juya lemarsa inuwa ta koma kanta. Kafin a zo maganar magani sai ya tambayi mai gida, ya tambayi yara da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar tsohuwa. Ba ya katse kowa. Tabarmar su Anti Murja kuwa har hantsi ya ɗaga ba wanda ya taka ta, sai wani tsoho da ya tambaye su ko awon hawan jini kyauta ake yi.

Can wata mata ta zo, siririya, da goyon yaro. Kansa ya langaɓe gefe, idanunsa sun faɗa, leɓensa a bushe. Ta ce kwana uku ke nan yana zawo, a ba ta mai ja da rawayan nan. Malam Habu ya kai hannu faranti ke nan sai Anti Murja ta miƙe tsaye.

"Ke wace irin uwa ce? Kwana uku yaro yana zawo kina zaune a gida? Yanzu kuma guba kika zo saya masa? Sai ya mutu ki ce Allah ne ya kawo! Ku dai ba kwa jin magana!"

Gaskiya ni faɗan bai ba ni mamaki ba. Haka ake yi a gida. Na sha raka Mama asibiti da ƙanena an yi mata wanda ya fi wannan, ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Abin da ya tsorata ni shirun da layin ya yi. Mai awon gero ya tsaya da kwano a hannu. Matar ta kwance goyon, ta sake ɗaure shi tamau, ta juya ta shige cikin mutane. Ba ta sayi maganin ba.

Madam ta taso tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duk abin da kika faɗa a kan maganin gaskiya ne. To yanzu ina yaron?"

Anti Murja ta waiga. Babu shi.

"Kin hana ta sayen mugun magani yau. Anjima za ta aiko a saya mata a wani layi. Wurinmu kuwa ba za ta zo ba, ta ga farin kaya ta ji abin da farin kaya ke faɗa. A asibitin gwamnati in kin yi tsawa gobe ma layi zai cika, don ba su da wani wurin. A naki wurin, wadda kika kunyata ta tafi ke nan, da ita da maƙwabtanta. Ba zan iya ba ki ƙofar gidana ba, ɗiyata."

Anti Murja ta zauna daɓas a tabarma, hawaye yana ɗiga a kan unifom. Na jira in ji Gwaggo ta rufe ta da faɗa. Sai na ji ta ce, a hankali, "Zainabu, laifin nawa ne."

Kowa ya juyo.

"Shekara ashirin ina yi wa mata tsawa a ɗakin haihuwa. Na koma aji ina cewa a girmama mai zuwa, amma da tsawa nake faɗa. Muryata ce kika ji a bakin yarinyar nan. In za ki kayar, ni za ki kayar."

Tunda nake ban taɓa jin Gwaggo ta ce ta yi laifi ba, ko a kan gishirin miya. Madam ta dube ta ta ce, "In matar nan ta kawo yaron gidana da ƙafarta kafin motarku ta tashi gobe, mu sake magana. In ba ta zo ba, shi ke nan."

To ina za a same ta? A cikinmu ba wanda ya san ko sunanta. Gwaggo ta nuna Malam Habu da haɓa ta ce wa Anti Murja, "Tashi ki tambaye shi." Tun safe ko gaisuwarsa Anti Murja ba ta amsa da kyau ba. Ta je ta tsaya a gabansa tana sharar ido.

Ya ce, "Au, Malama ba ki tambayi sunanta ba kafin ki wanke ta? Indo ce, matar mai gyaran keke, a bayan majema. Yaron sunansa Sale. Bara ta kai yayarsa asibiti aka yi mata irin wannan a gaban mutane, ta rantse ba ta ƙara zuwa." Ya kwatanta mana hanya dalla-dalla, har da kalar ƙofar gidan.

Lungunan unguwar duwatsu ne da hawa da gangara, babur ba ya shiga. Madam ta ce Gwaggo ta zauna ɗaliba ta je. Gwaggo ta ce a'a. Muka tafi mu uku da rana tsaka, ni da jaka, Gwaggo tana dogara sanda tana dafa bango. Sau uku tana tsayawa, ta rufe ido, ta ce mu je.

Mun tarar da Indo a tsakar gida tana wanke tsummokaran yaron, shi kuma yana kwance a inuwa. Ta amsa sallama ba ta ɗago ba. Ba ta ba mu tabarma ba. Sai na ga Gwaggo ta miƙo mini sandarta, ta dafa turmi, ta fara sauka ƙasa. Na ji gwiwar ta yi ƙara. Matar da ko sujada ba ta iya kaiwa ƙasa, ga ta durƙushe a kan tsakuwa gaban yarinyar da a haife ta haife ta. Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "'Yata, haƙuri muka zo ba ki. Ni ce malamarta."

Anti Murja ma ta durƙusa ta ce, "Ki yafe mini, Maman Sale. Na yi miki rashin kunya."

Indo ta matse tsumma ta ce, "An ce ni ba uwa ba ce. Ku jira uwarsa ta zo ku gaya mata."

Gwaggo ba ta tashi ba. Ta ce kwana uku mace tana wanki tana raino ba barci, in ba uwa ba wa zai yi? Ta roƙi a ba ta tafasasshen ruwa, ta ce in ciro mata ƙunshin gishiri da sukari na masu zawo daga jaka. Anti Murja ta haɗa, ta nufi yaron da kofi. Gwaggo ta riƙe mata hannu, ta karɓi kofin ta miƙa wa Indo. "Ke za ki ba shi. Ke ya sani." Yaron ya sha kaɗan, ya huta, ya ƙara. Gwaggo ta bar mata sauran ƙunshin, ta ce wannan taimako ne kawai, yana bukatar a duba shi, ta kwatanta gidan Madam. Indo dai ta ci gaba da shayar da yaron, ba ta yi alkawarin zuwa ba. Sai da ni da Anti Murja muka kama Gwaggo ta kowane gefe sannan ta iya miƙewa.

Da safe Malam Ado ya kawo mota ƙofar gidan haihuwar tun bakwai, ya ce yana so mu ƙetare iyaka kafin rana ta yi. Aka ɗora kaya har da jakar Anti Murja. Ita tana tsaye jikin bango, ko karin kumallo ta kasa ci. Gwaggo, wadda in ta ce bakwai to bakwai saura take nufi, sai ta ce a kawo mata shayi, kuma duka zagaye ukun za ta sha. Da aka gama ta aiki Yaya Nasiru sayen kilishi. Ya dawo ta ce ba irin wannan ba, ya koma. Sannan ta ce tabaraunta ya ɓace. Yana cikin jakar da ke hannuna, ina jin tudunsa. Na buɗe baki, ta kalle ni, na rufe. Anti Jamila ta shiga ƙarƙashin kujerun mota tana nema.

Malam Ado ya tofar da goro ya ce, "Hajiya, in kwana za mu sake yi a gaya mini in kwance kaya."

"Wa ya riƙe ka? Tabarau nake nema."

Goma ta kusa, har Madam ta fara duba agogo, sai ga Indo ta ɓullo daga kwana da goyo. Ta zo daidai ƙofa ta tsaya, ba ta shiga ba, tana kallon masu farin kaya da ke kai da kawowa a ciki. Anti Murja ta zabura za ta ruga, Madam ta riƙe mata mayafi. Sai Anti Murja ta taka a hankali. Ta ce, "Sannu da zuwa, Maman Sale. Yaya ya kwana?"

Indo ta ce, "Ya sha. Zawon ya ragu." Ta waiga gefe. "Tsohuwar fa? Ƙafarta?"

Gwaggo ta ɗaga sanda daga kan benci ta ce, "Ga ni nan, 'yata, ban mutu ba. Shiga da shi."

Indo ta cire takalmi ta shiga.

Bayan an duba yaron an ba shi gado, Madam ta fito ta kira Anti Murja gaban kowa. Ta ce za ta ɗauke ta, amma da sharaɗi. Watan farko ba unifom, ba allura, ba ɗakin haihuwa. A bakin ƙofa za ta zauna da atamfa. Duk wadda ta zo ta miƙe mata, ta tambayi sunanta, ta ba ta ruwa, ta jera mata takalmi. Yaya Nasiru ya ce ƙasa-ƙasa, "Shekara uku ana karatu a ƙare a gadin takalma?" Anti Murja ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Na yarda, Madam." Malam Ado ya hau saman mota ya sauko da jakarta yana mita. Nan take tabarau ya fito.

Kafin mu gama sallama har an ara mata zani da riga, sun yi mata yawa. Motarmu tana juyawa wata tsohuwa ta iso da jikarta mai ciki, na ga Anti Murja ta miƙe, ta sunkuya ta ɗauki takalmansu ta jera a gindin bango. Garin sunkuyawa ɗankwalinta ya zame ya karkace gefe guda. Gwaggo ta gani. Ta zuge gilashi da sauri, ta leƙa, ta cika ƙirji da iska yadda take yi in za ta ƙwala wa mutum kira daga ƙarshen aji. Duk muka noƙe muna jira.

Sai ta saki numfashin. Ta ɗaga mata hannu kawai, ta ce wa Malam Ado, "Mu je."